Mutumin da Ya Ba Shanun Doha Kanwa

Har yau idan na haɗu da Alhaji Abdul-Majeed a masallacin Juma'a, hannu kawai nake miƙa masa, shi ma don addini ya ce a yi. Fuskata kuwa ba ya samu. 'Yan'uwa suna ta cewa na cika riƙo, wai mutum da girmansa yana gaba da dattijo a kan sa guda ɗaya. Su faɗi abin da suke so. Ni abin da aka yi wa Aruna ne ya tsaya mini a rai, kuma tunda na ga kowa ya gyara labarin ya dace da rigarsa, zan faɗe shi yadda ya faru. Wanda ya ji haushi ya je ya rungumi taransifoma, ni injiniyan lantarki ne, zan nuna masa mai kyau.

Sunana Ja'afaru, mutumin Zariya, ina zaune da iyalina a unguwar Al Gharrafa da ke Doha, ƙasar Qatar. A ƙofar wani babban kanti na unguwar na fara ganin Aruna, cikin kakin masu gadi, dogo, baƙi, ya doshi hamsin. Ina waya da matata muna gardamar abin da ta aike ni saye, sai na ji an ce, "Massa, sannu da zuwa. Madam ya ce tumatir, ka saya tumatir, ka huta." Na juya na ga mai gadi yana dariya. Hausar Zangon Gana ke nan, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsu, in ka gyara musu kuma su ce ka cika iyayi. Daga ranar muka saba.

A Zangon Ejura aka haife shi. Mahaifinsa, Baba Sherif, makiyayin shanun fatake ne. Ba shi da ko maraƙi nasa na kansa, amma duk mai shanu a garin shi yake ba ajiya. Aruna ya tashi a bayan wutsiyar saniya, makaranta kuwa leƙawa ya yi ya fito. Abin da ya fi so a duniya, wanda ya ba ni labarinsa har na haddace, shi ne ranar ba da kanwa. In ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fito shar, sai Baba Sherif ya farfasa jar kanwa ya jiƙa ta a komi, wato kututturen da aka fafe don shayar da dabbobi. Tun daga nesa shanu ke jin ƙanshinta su sheƙo a guje suna ture juna. Bayan nan sai su hau cin ciyawa babu ɗaga kai, gashi ya kwanta, tozo ya miƙe. "Sa da bai sha kanwa ba," in ji Aruna, "naman shi lami ne, koraa," wato gaba ɗaya. Haka ubansa ya faɗa, kuma a wurinsa in Baba Sherif ya yi magana an gama.

Da tsohon ya rasu, masu shanu suka kwashe abinsu. Aruna ya gangara kasuwar shanu ta kusa da Accra yana loda bijimai a mota, har wani bijimi ya take masa gwiwa. Daga nan sai ejan mai samar wa mutane aiki a ƙasar waje, daga ejan sai Doha, ya bar matarsa Fausatu da yara a gida. Shekaru ya yi a ƙofar kantin nan yana shan sanyin na'ura, yana kallon mutane suna tura kwandon sayayya. In ya sami hutun cin abinci ba ya zama. Sashen nama yake zuwa ya tsaya gaban gilashi yana yi wa naman Ostireliya hukunci, wannan an yi gaggawar yanka shi, wancan kitsen banza ne, har mahautan suka sa masa suna sufeto.

Alhaji Abdul-Majeed ne ya fitar da shi daga nan. Shi ne babban mutanen Zango a garin, ya daɗe a ƙasar, aikinsa shiga ofisoshi da takardun kamfani, don haka ya san ƙofofi. A gidansa na Al Asmakh, tsohon gini mai tsakar gida, ake taruwa bayan Juma'a a ci tuwo da miyar ayoyo. Aruna ya yi ta yi masa naci har ya samo masa canjin kafil, wato ubangidan da sunansa ke kan takardar zamanka. Sabon kafil ɗin yana da izba a bayan Al Wukair, gonar dabbobi a tsakiyar fako, inda ake kawo shanu masu tozo daga Somaliya a yi musu kiwon turke har su yi ƙiba. Albashin bai kai na gadi ba. Ɗakin da aka ba shi na kwano ne, ga ƙuda, ga zafin da ke narkar da takalmi. Amma ranar da na fara kai masa ziyara, wani mutum daban na tarar. Ya ƙara baƙi, ya rame, sai washe baki yake yi. Ya ce mini, "Injiniya, abu ɗaya nake roƙo wurin Allah. Kar a sake raba ni da shanu. In mutuwa ya zo, ya same ni a nan."

An ba shi garke guda, shanu goma sha wani abu, ya sa wa kowanne suna. Biyu ya fi ji da su: wani baƙi mai farin tabo da yake kira Mai Goshi, da wani ja mafaɗaci, Jatau, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai Aruna. Labari ya kai Al Asmakh, nan take aka naɗa shi Sarkin Shanu. In ya shigo cin tuwo a tashi a ba shi kujera, a yi ta zuba masa kirari. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ana wuce shi a ƙofa ba a ko kalle shi, yaya kansa ba zai kumbura ba?

Saura 'yan watanni Babbar Salla, Alhaji ya kawo shawara. Maimakon kowa ya sayi ragonsa, mu haɗu mu bakwai mu yi layya da sa, mu saye shi tun yanzu a wurin kafil, mu bar wa Sarkin Shanu ya yi mana kiwo irin na gida. Ni kaɗai ne ɗan Najeriya a ciki. Aruna ne na bakwai, kuma wannan ce layyar farko da zai yi da sunansa tun da aka haife shi. Muka zaɓi Mai Goshi.

Ranar da muka je ganinsa mun tarar da likitan dabbobin da ke zagaya gonakin yankin, wani Basudane mai furfura, mara son hayaniya. Ganin taron masu sa, ya tsaya ya yi mana bayani da Turancinsa mai haɗe da Larabci, ni na fassara a gaban kowa ban tsallake komai ba. Ya ce shanun nan ba sa ganin ɗanyar ciyawa. Sha'ir da dusa suke ci, sai 'yar busasshiyar ciyawa kaɗan. Dusa kuwa tana da wani sinadari da yawa, in ya taru sai ya zama yashi a mafitsara, yashin ya zama tsakuwa, tsakuwar ta toshe wa sa hanyar fitsari. Shi ya sa ake gauraya musu garin alli a abinci, ga dutsen gishiri na lasa don su yi ta shan ruwa, sannan ga wani farin gari mai ɗaci da ake barbaɗa musu kullum, aikinsa ya sa fitsari ya yi tsami ya narkar da yashin. "An auna komai," in ji shi. "Kada a rage, kada a ƙara."

Kowa ya gyaɗa kai. Likita na tada mota, Alhaji ya kwashe da dariya ya ce, "Alli! Shanu za su je makaranta ne?" Aka yi ta ƙyaƙyatawa. Sai ya dafa kafaɗar Aruna. "Sarki, dakta ya yi nashi. Kai ma ka yi namu na gida. Mu nama mai ɗanɗano muke so, ba robar kanti ba."

Wannan shi ne ingiza mai kantu ruwa, kuma a gabana aka yi. Aruna dama a gaɓa yake. Tun zuwansa yake ƙorafin cewa shanun suna lasar bango da ƙarfen shinge, suna ture abinci da hanci in an zuba farin garin nan. A idonsa magana a fili take, kwaɗayin kanwa ke damunsu, ana kuma ɗura musu ɗaci a kan zalunci. Abin da ya rasa kawai kanwar ce, don ta shagunan 'yan Afirka ƙulli-ƙulli ce ta miyar kuɓewa, ba ta isa sa ko kurkure baki.

Sai aka kafa gayya. Duk wanda zai je hutu gida, a ce masa ya tuna da Sarki. Alhaji da kansa ya dawo daga Kumasi da rabin akwati. Da zan je Zariya ganin mahaifiyata, Aruna ya ja ni gefe ya ce in taho masa da ungurnu, ya ji kanwar Najeriya ta fi ƙarfi. Na ce ba zan kawo ba. Na ce, "Malam Aruna, ni ban san shanu ba, amma kowace tsohuwa a gidanmu ta san kanwa tsami take kashewa. Likita yana sa fitsari ya yi tsami, kai kana bin bayansa kana kashewa. Yana tufka kana warwara ke nan."

Ya dube ni da tausayi. "Injiniya, kai wayan wuta ka sani. Baba na shekara arba'in yana ba shanu kanwa, ko ɗaya bai mutu ba." Na ce shanun Baba ciyawa suke ci suna yawo a daji. Ya ce sa sa ne ko a Makka. Na faɗa masa, na sake faɗa. Na kai magana wurin Alhaji, Alhaji ya ce 'yan boko ba mu da aiki sai tsoro. Daga ƙarshe na ce in bai bari ba zan kira likita da kaina. Ya ce, "Yoo, na ji, na bari." Ƙarya ya yi mini, da gemunsa, kuma na daɗe ban yafe masa wannan ba.

Abin da ya riƙa yi, daga baya na sani, shi ne ya jiƙa kanwa a komin ruwan garken duka, don a ganinsa ba adalci ba ne Mai Goshi ya sha saura suna kallo. Farin garin kuma ya daina zubawa, yana juye shi a rami bayan ɗakinsa. Abin haushi, da farko sai ya yi kamar an dace. Ɗaci ya tafi, shanu suka buɗe ciki suka hau ci. Mai Goshi ya yi wata irin cika, gashi yana sheƙi. Hotuna suka yi ta yawo a waya, Alhaji yana aiko murya yana cewa a kira dakta ya zo ya ga aikin Zango. Na tambayi Aruna ko ya koma ruwa, ya ce kulawa ce kawai.

Salla ta kusa, sai Mai Goshi ya daina ci. Yana kaɗa wutsiya ba ƙuda, yana harbin cikinsa da ƙafa, ya gantsare yana nishi, abin da ke fita ɗigo ne ja-ja. Duk wanda ya saurari likita ranar nan ya san abin da wannan ke nufi. Aruna bai kira likita ba, sai ya kira Alhaji. Alhaji kuwa, wanda iliminsa na sa bai wuce tsire ba, ya yanke hukunci daga kan kujerarsa a Al Asmakh cewa kabar ciki ce. To, mene ne maganin kabar ciki a gidan Bahaushe? Aruna ya dama kanwa mai kauri ya ɗura wa bijimin da kwalba.

Washegari Mai Goshi ya lafa, ya daina harbin ciki, Aruna ya yi hamdala. Ashe mafitsara ce ta fashe. Kafin likita ya zo zagayensa ciki ya cika da ruwa ya yi suntum, Mai Goshi yana kwance yana cizon haƙora. Likita ya ce a ɗora shi a mota a kai mayanka ko a tsira da naman. Na bar ofis na same su can. An yanka, an buɗe, sai zarni ya bugi kowa. Mai duba nama ya shinshina sau ɗaya ya ce ko kyanwa ba za a ba wa ba. Likita ya tsaga hanyar fitsarin ya zazzago tsakuwoyi a tafin hannunsa, fari-fari kamar tsakin masara. Aruna yana tsaye yana kallon hannun nan.

Likita ya yi ta juya abin a ransa. A saninsa garken yana cin farin gari kullum, don haka ya ɗauka ƙaddarar sa ɗaya ce, irin wadda ba a rasawa. Ya wuce gonakin arewa inda aikin Salla ya yi masa yawa. Kafil kuwa ya ce tunda a gonarsa abin ya faru, mu zaɓi wani a madadin namu.

Ranar Juma'a muka taru a Al Asmakh, mu bakwai, aka rufe ƙofa. Ban taɓa ganin tuwo ya huce a gidan nan ba sai ranar. Aruna ne ya fara magana, kansa a ƙasa. Ya ce duk garken sun sha abin da Mai Goshi ya sha, kuma da safen nan ya ga Jatau yana kaɗa wutsiya. Yana so ya gaya wa dakta.

Alhaji ya ajiye carbi. "Ka gaya ma shi me? Aruna, ni na kai ka wurin nan, suna na ne a gaba. Balarabe ya ce mu ɗauki wani sa, khalas, magana ya ƙare. Ka zubar da sauran abin, ka yi shiru. In jan ya mutu, ajali ne."

Na ce, "Alhaji, dukiyar mutum ce fa, amana ce. Kuma wanda za mu ɗauka mu yi ibada da shi, da ƙarya za mu karɓe shi?"

"Injiniya, da girman ka. Wannan maganan 'yan Zango ne."

Ni da aka yi shekaru ana cin tuwo da ni, ranar na zama baƙo. Sauran huɗun, masu kirari, masu ɗauko kanwa a akwati, kowa ya sami abin kallo a tafin hannunsa. Ɗaya ne ma ya buɗe baki, wai Aruna ya tuna da Fausatu da yara. Wallahi na so in kife tiren tuwon nan. Na faɗi maganganu, wasu ba su dace da gidan dattijo ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Na ce da Aruna ya tashi in kai shi.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce Al Wukair. Ina ta tafasa, da shi da su duka. Shi kuwa ya san inda yake tsaye sarai. In ya yi shiru aikinsa na nan, sarautarsa na nan, ga layya. In ya yi magana, abin da ya roƙi Allah kada ya faru shi ne zai faru. Ban ba shi shawara ba, na gaji da ba shi shawara.

Muka isa da la'asar. Jatau yana tsaye a kusurwa ya gantsare. Aruna ya shiga, ya tsuguna a ƙarƙashin wannan mafaɗacin sa, ya shafa gashin gabansa, ya fito da yatsu ya murza. Ya zo ya murza mini a tafin hannu, yashi ne. Ya ce, "Kira dakta. Ka faɗa ma shi da Turanci, duka, kar ka rage mani komi." Sannan ya shiga ɗakinsa ya jawo buhun kanwa ya ajiye a bakin shinge, ya zauna kusa da shi yana jira.

Likita ya zo a fusace. Ya ɗanɗana kanwar a harshe ya tofar, ya leƙa ramin farin gari, ya riƙe kai. Bai tsaya zagi ba, lokaci bai bari ba. Ya yi wa Jatau allurar sakin jiki, ya yi masa ɗan aiki, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya da ɗuri. Ya sami wasu ma da yashi. Aruna ne ya riƙe masa kowanne, don ba sa tsayawa wa kowa sai shi. Da aka gama ya tambaya ta bakina, murya ƙasa-ƙasa, ko ke nan ubansa cutar da shanu ya yi ta yi. Likita ya ce a'a, saniyar da ke cin ɗanyar ciyawa a daji tana neman gishirin da ke cikin kanwa, ubanka daidai ya yi a inda yake, amma nan ba can ba ne. Na fassara. Ban ga alamar maganar ta sanyaya masa rai ba.

Kafil ya zo da safe, ni ma na koma don fassara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya gode da gaskiya, ba zai kai ƙara ba, ba zai mayar da shi Gana ba, amma mutumin da ya zubar da maganin dabbobinsa a rami ba zai sake taka izbarsa ba. Yana da sito na kayan gini a Sana'iyya, unguwar masana'antu, can za a kai shi. Maganar madadin sa kuma ta tashi. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan.

Wanda nake ganin laifinsa shi ne wanda kafil ya kira a waya ya tambaya ko ya san da wannan. A gabana aka yi, wayar a buɗe kowa yana ji. Alhaji Abdul-Majeed, da Larabcinsa mai santsi, ya rantse bai san komai ba. Ya ce e, ya taɓa kawo wa Aruna kanwa, amma ya ɗauka ta dafa shinkafa da wake ce. Rabin akwati! Ko duk Kumasi za a ciyar da wake, ai rabin akwatin kanwa ya yi yawa. Dattijo da furfura, saura 'yan kwanaki Arfa, yana rantsuwa a kan ƙarya don kada rigarsa ta ɓaci. Aruna ya ji an ambaci sunansa, ya tambaye ni me Alhaji ya ce. Na gaya masa, tunda shi ya ce kada in rage masa komai. Ya ce, "Yoo."

Kafin Salla labari ya gama Zango, an yi masa kwaskwarima. Wai Aruna ya kashe san jama'a da jahilci, sannan ya tona wa 'yan'uwa asiri a gaban Balarabe. Bakin da ya kira shi Sarki shi ya koma kiransa Dakta Kanwa. Su biyar suka nemi wasu biyu suka cike gurbinmu, suka sayi sa a wani wuri, suka yi layyarsu, suka soya, suka yi hotuna. Ko ƙashi ba a aika masa ba. Ni na sayi rago, na je na ɗauko shi daga Sana'iyya ya yi Salla a gidana. Matata ta cika masa kwano, ya ɗan taɓa don kunya ya ajiye.

Da zan mayar da shi ya roƙe ni abu guda. Jatau bai shiga kasuwar Salla ba saboda maganin da ke jikinsa, yana nan a izba. Aruna yana so in je in gano masa ko yana fitsari sosai. Na ce likita ya ce lafiya lau. Ya ce shi dai a gani da ido.

Haka na je ranar hutuna, da rana tsaka. Ni Ja'afaru, da digirina da farar shaddata, na tsaya a bakin shinge ina jiran sa ya yi fitsari, waya a hannu, ma'aikata suna leƙena suna dariya. Jatau ya ja mini rai iyakar iyawarsa. Da ya tashi yi kuwa ya sake shi shaa kamar an buɗe famfo, na ɗauka tun daga farko har ƙarshe.

Na sami Aruna a ƙofar sito, fari fat da ƙurar siminti har girarsa. Ya goge hannu a wando ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kallo, yana murmushi kamar an aiko masa hoton jariri. Sai murmushin ya ɗauke. Ya kusanto da wayar ga idonsa.

"Injiniya, dubi wurin ruwan. Ya yi kore, ba su wanke ba. Jatau ba ya shan ruwa mai datti, in bai sha ba yashin zai dawo. Ka gaya ma su, kullum da safe, kafin rana ya yi zafi..."

Ya goge gilashin wayar da gefen rigarsa, ya ƙara ɓata shi da siminti.

"Amma kar ka ce ni na faɗa. In sun ji suna na, ba za su wanke ba."

Daga ciki wani ya daka tsawa, yalla, yalla, mota ta iso. Aruna ya miƙo mini wayar, ya ja tsumma ya rufe hancinsa, ya koma ɗaukar siminti.